Tattalin ruwa a birnin Katsina, da wanda ya kamata a fara da shi

Akwai mujadalar da ke yawan tashi a zaurukanmu na Gobarau duk lokacin da bazara ta tsananta, wato ko ya dace hukuma ta kashe dukiya wajen sa mita a gidaje, da sauya tsofaffin bututu, da hukunta mai ɓarnar ruwa, ko kuwa wannan duka ɗora wa talaka nauyi ne a kan abin da ba ya samu. Masu inkari suna da hujja mai ƙarfi, domin sukan ce wanda famfonsa ya bushe, yana sayen jarka daga 'yan garuwa, wane tattali kuma za a koya masa? Na yarda da rabin maganarsu, amma ban yarda da natijarta ba.

Madatsar Ajiwa, wadda birnin nan ya daɗe yana sha daga gare ta, an gina ta ne a shekarun 1970, tun Katsina ba ta zama hedikwatar jiha ba, abin da bai faru ba sai 1987. Daga nan kuwa gari ya ƙetare ganuwa ta kowace ƙofa, alhali daminarmu ba ta ƙaru da ko wata guda ba, rairayi yana cike cikin madatsa, zafin rana yana shanye samanta. Madatsar Zobe ta Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shanta. Duk wanda ya yi tadabburi a kan wannan tazara zai gane cewa ruwan da ya riga ya shiga bututu, bayan an tace shi, an zuba masa magani, an turo shi da wuta ko man dizal, ya fi kowane ruwa tsada, saboda haka barinsa ya malale a kwata ta fasasshen bututu almubazzaranci ne da dukiyar baitulmali, kuma gyaran wannan ɓaraka ya fi jiran sabuwar madatsa araha da sauri.

Mas'alar tattalin ruwa ma ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk almajirin da ya karanta Risala a gaban malaminsa ya ji cewa taƙaita ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, wuce iyaka kuwa abin zargi ne, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu, yana wanka da sa'i. Abin takaici ne a ga famfon masallaci a sake yana zuba a garin da ya yi suna da ilimi tun zamanin Sarki Muhammadu Korau.

Sai dai adalci yana da tartibi, kuma a nan nake tare da masu inkari. Kada a fara da tsohuwar da ke wanke-wanke da rabin bokiti, wadda ta fi kowa sanin ƙimar ruwa, kuma a bisa lissafi ta fi mai famfo a gida biyansa da tsada. A fara da gyaran manyan bututu, sa'an nan mita ta shiga otal-otal, da wuraren wankin mota, da masana'antun ruwan leda, da manyan gidaje masu ban-ruwan furanni. A kuma sa ƙa'ida ga haƙa rijiyar burtsatse, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne, wanda ya zurfafa tasa yakan busar da rijiyar maƙwabcinsa. Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, da fari ya kusa ƙafe madatsunsa a 2018, ya ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, kuma hakan ya yiwu ne saboda akwai mita da ake gane mai wuce haddi da ita.

Idan Hukumar Ruwa ta bayyana wa jama'a ranakun da kowace unguwa za ta sami ruwa, ta cika alkawari, ta kuma nuna inda kuɗin da ta karɓa ya tafi, ina kyautata zaton mutanen Gobarau da Rafindadi da Ƙofar Soro za su biya ba tare da an kai ruwa rana ba.