Pijo biyu a ƙofar gidan Baba

Tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙan shi, motocinsa biyu na ajiye a ƙofar gidanmu nan Maradi, awaki na kwana ƙarƙashinsu. Pijo 404 da Pijo 504, duka familiyal. Kuɗin da muka haɗa ni da Yaya guda ɗaya kawai za su tayar, ɗayar kuma masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun yi mata farashi. Wata biyu ke nan muna gardama.

Yaya 504 yake so, kuma in takarda za a bi, ya fi ni gaskiya. Ita 404 ta fito a 1960, injinta cc 1618, doki 72 a farkon fitowarta. 504 ta zo a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, daga baya aka sa mata inji cc 1971 mai doki sama da 90. Ta fi gudu, ta fi faɗi, kujerunta sun fi laushi. In ta shiga gargada, fasinja na iya gyangyaɗi abinsa. 404 kuwa ƙugunka zai gaya maka ka yi tafiya.

To amma ni cikin 404 na koyi tuƙi, giya a jikin sitiyari, Baba na gefe yana cewa in saurari inji kafin in canja. Da ita ya yi shekaru yana jigila tsakanin Maradi da Damagaram, a tsaya Tasawa a sha ruwa, ita ma a ba ta nata. Ba ta da nauyin ƙanwarta, shi ya sa in ta kafe a rairayi mutum huɗu sun isa su fidda ta. Kuma kar a raina ta: sau huɗu ta ci tseren Safari na gabashin Afirka, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Na faɗa wa Yaya haka, ya ce shi ba Kenya za shi ba, Dakoro za shi.

Abin da ya karya ni bakanike ne, wani dattijo da ya yi wa Baba aiki shekara da shekaru. Ya buɗe su duka biyu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Ɗana, 504 an yi ta haɗa ta a Kaduna har bayan shekarar 2000. Duk abin da ta nema, in an tsallaka Jibiya zuwa Katsina ko Kano, ana samu. Wannan tsohuwar fa, sai mun kashe wata kafin mu raya ta."

Na yarda, 504 za a gyara. Sharaɗi guda na kafa wa Yaya: kafin masu ƙarfe su zo ran Asabar, zan cire sitiyarin 404 da lambarta ta baya in kai ɗakin Inna. Ita ma ta ce a bar mata madubin.