Faratan ɓeran Masar da hakkin wanda ya tsare shi

A wani gida a Wonaka, cikin ƙaramar hukumar Gusau, akwai yaro ɗan shekara 11 da yayansa ya bar wa amanar ɓerayen Masar biyu ran da zai tafi Gusau neman kuɗi, bayan noman gonakin nesa ya gagara saboda 'yan bindiga. Da can dabbobin suna yawonsu a tsakar gida, daga gindin rumbu zuwa bayan murhu. Wani dare muzuru ya ɗauke ɗaya. Don tsoron kada a maimaita, yaron ya samo rabin durom, ya shimfiɗa buhu da ƙaiƙayi, ya jefa wanda ya rage a ciki. Bai taɓa barinsa da yunwa ko ƙishirwa ba.

Bayan wata 5 ya lura dabbar tana ɗingishi, ta kuma rage zuwa wurin abinci. Da ya juya ta, sai ya ga faratan sun lanƙwashe kamar ƙahon rago, ɗaya har ya fara nutsewa cikin tafin ƙafa. Ya ɗauko reza zai datse su lokaci guda, kakarsa ta hango shi daga bakin ɗaki.

"Maigida, ajiye rezar nan," in ji ta. "Abin da ya yi wata biyar yana tsiro, kai ne za ka gama da shi kafin la'asar?"

Tsohuwar ba ta taɓa kiwon ɓeran Masar ba, amma ta daɗe tana ganin abin da ke samun kofaton tunkiyar da aka ɗaure a turke, kuma ta yi gaskiya.

Duk da sunansa, ɓeran Masar ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, yankin Peru da Boliviya da Ekwado na yanzu, inda aka yi shekaru dubbai ana kiwonsa don nama. A ƙarni na 16 fatake suka kai shi Turai, daga baya ya bazu har Afirka. Bahaushe ya jingina shi ga Masar kamar yadda ya jingina masara da gwandar Masar, waɗanda su ma asalinsu Amurka ne. Danginsa na daji suna wuni suna tafiya kan ƙasa mai tauri da tsakuwa, ƙasar tana goge musu farata ba tare da kowa ya sa hannu ba. Tsakar gidan Wonaka ta yi wa wannan dabbar aikin. Buhu da ƙaiƙayi ba sa goge komai.

Ɓeran Masar yana da yatsu 4 a kowace ƙafar gaba da 3 a kowace ta baya, farata 14 ke nan, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Cikin kowane farce akwai rai: siririyar jijiyar jini da jijiyar jin zafi. Idan aka bar farce ya yi tsawo, jijiyar takan bi shi ta tsawaita. Shi ya sa farcen da aka yi wa sakaci ba ya datsuwa zuwa tsawonsa na ainihi a zama ɗaya; wanda ya gwada zai yanka nama ne. Idan kuwa ana ɗan rage bakinsa a kai a kai, jijiyar takan ja da baya da kanta. Barinsa ma ba mafita ba ne. Dogon farce yana karkatar da yatsa, nauyin jiki ya koma kan tafin ƙafa, tafin ya kumbura ya zama gyambo, ƙwayoyin cuta su shiga, wani lokaci har ƙashi.

Suka aika aka sayo ƙaramin abin yankan farce irin na mutane. Kakar ta naɗe dabbar da tsohon zane, ta rungume ta a ƙirji, ta fito da ƙafa ɗaya, tana ba ta ganyen rama don ta shagala. Wannan ɓeran bai wuce kilo 1 ba, kuma faɗuwa daga cinya kaɗai na iya karya shi, don haka a tabarma suka zauna. A fararen faratan jijiyar tana bayyana ja-ja. A baƙaƙen sai da yaron ya haska fitilar waya ta bayansu kafin ya ga inuwarta. Ya riƙa cire ɗan tsinin kawai, yana tsayawa nesa da jan.

A farce na tara dabbar ta fizge, ƙarfen ya zarce, jini ya fito. Ta yi ƙara, yaron ya saki abin yankan, hannunsa na rawa.

"Kaka, na kashe shi."

"Ba ka kashe kowa ba. Miƙo garin masarar can."

Ta danna garin a bakin farcen na ɗan lokaci, jinin ya tsaya. Suka bar sauran biyar sai washegari. Da jinin ya ƙi tsayawa, ko da tafin ya riga ya yi ruwa, da sai an nemi likitan dabbobi.

Daga nan duk mako 2 suke zama. Yaron ya riƙa canza shimfiɗar kafin ta jiƙe, domin danshin fitsari shi ke ruɓar da tafi. Ya ƙara ɗanyen ganye a kan dusa, wanda yake wajibi musamman da rani: ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C, abin da binciken Axel Holst da Theodor Frølich a Norway ya fara nunawa a 1907, kuma rashinsa yana hana rauni warkewa.

Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Yaron ya san shi, shi ya sa bai taɓa wasa da ciyarwa ba. Abin da bai sani ba shi ne, hakkin dabbar da aka tsare ya wuce ci da sha. Duk abin da sarari yake yi mata kyauta, daga motsa jiki har gugar farce, ya koma wuyan wanda ya rufe ƙofar, ko da don kare ta ya rufe.

A zama na huɗu faratan sun miƙe, ɗingishin ya tafi. Yaron ya sa faffaɗan dutse a gaban kwanon abinci yadda dole sai dabbar ta taka shi. Kowace yamma kuma yakan fito da ita tsakar gida ta zagaya gindin rumbu, shi yana zaune kan turmi da sanda a hannu, idonsa na kan katanga.