Kafin mota ta tsaya a ƙofar gida

Duk wanda ya zauna gidan haya a Kano ya san irin ranar nan: akori-kura ta toshe lungu, direba yana ta danna oda, 'yan dako sun tsaya cirko-cirko suna jiran a nuna musu abin ɗauka, uwargida kuwa tana ɗaki tana cusa tufafi a buhu hawaye na neman zubo mata, ga yaro yana kukan yunwa alhali tukunya ta riga ta shige ƙarƙashin katifa a bayan mota. Da yamma kowa ya ce tashi wahala ne. Ni dai a ganina yawancin wahalar nan ba ta ɗaukar kaya ba ce. Shawarwarin da ya kamata a yanke tun makonni baya ne aka tara su, aka bar wa safiya ɗaya.

Zan fara da 'yan uwana maza, don a nan aka fi samun giɓi. A al'adarmu kusan duk abin da ke cikin ɗaki na mace ne. Gado, katifa, kujeru, sif, labule, kwanuka da tangaran, iyayenta ne suka yi mata, wani uban sai da ya sayar da gona ko ya ci bashi kafin ya haɗa su. Maigida yana ganin in ya biya kuɗin haya, ya sallami dillali la'adarsa, ya kira mota, ya gama nasa. Sai ka ji ya shigo da daddare ya ce, "Ki shirya, jibi za mu tashi." Malam, jibi fa? Ita ce ta san wane faranti ne na kakarta, wane akwati ne bai kamata a ɗora masa nauyi ba, wace kula ce aro. Ranar da madubin sif ya tsage a hannun ɗan dako, kai asarar kuɗi ka gani, ita kuwa gumin mahaifinta ta gani a ƙasa. Tun ranar da ka fara neman gida ya kamata ta sani, kuma a kai ta ta ga gidan da idonta kafin a biya ko sisi. Ita za ta yini a cikinsa. Ita za ta lura cewa madafin ba shi da taga, ko babu inda za a ɗaura igiyar shanya, abubuwan da kai ba za su taɓa zo maka a rai ba.

Game da lokaci, in mai gida ne ya ba ka notis, duba takardar yarjejeniyarku tukuna. A dokokin haya na jihohi da dama a Najeriya, idan ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai biyan kuɗin shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Wannan lokacin na neman gida ne a tsanake, kada a kashe shi wajen jayayya. In da hali, a sa kuɗin sabon gida ya fara aiki mako ɗaya ko biyu kafin na tsohon ya ƙare. Na san aljihu zai ji, amma kwanakin nan su ne za su ba ka damar yin fenti, ka yi feshin kyankyaso da kuɗin cizo alhali ɗakunan babu komai, ka sauya kwado da makullai, warin magani ya fita kafin yara su kwana a ciki.

Mafi kyawun lokacin duba gida shi ne damina, musamman Agusta da ruwa ya fi ƙarfi. Gidan da ka gani tsaf a watan Maris, wataƙila lungunsa tafki ne a Agusta. In a rani kake dubawa, ɗaga kai ka kalli silin ko da tabon yoyo, sunkuya ka kalli gindin bango ko fenti ya kumbura, ka bi kwatar gidan ka ga inda take zubewa. Sannan ka bar dillali a baya, ka koma kai kaɗai bayan sallar Isha'i, ka yi salla a masallacin layin, ka zauna wajen mai shayi. A nan za ka ji nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, ko rijiyar gidan tana ƙafewa da bazara, awa nawa ake samun wuta, da kuma dalilin tashin wanda ya fita. Maganar mitar wuta kuwa kada a yi mata wasa. In mai kati ce, a gwada sayen wuta a ga ko akwai tsohon bashi da ake cirewa. In ta bil ce, a nemi takardar biya ta ƙarshe daga kamfanin wuta na KEDCO, a rubuta a yarjejeniya wanda zai biya abin da ya saura, a ɗauki hoton lambar da mita ta tsaya a ranar karɓar makulli. Haka za ka yi wa ta gidan da za ka bari, don kada wani bawan Allah ya gaji bashinka.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane sawu na mota ya zama abin lissafi. Shi ya sa aikin farko ba haɗa kaya ba ne, rage kaya ne. Kowane gida yana da kusurwar da ake jibge abin da "zai yi amfani wata rana": fanka matacciya, rediyon da ya daina magana, robobin fenti, takalman da yara suka fi ƙarfinsu, kayan sawan da aka shekara uku ba a taɓa ba. Ƙarafa da robobi a kira 'yan gwangwan su auna su biya. Tufafi masu kyau a wanke a ba mabuƙata tun suna da mutunci, ba sai sun zama tsumma ba. Amma a yi hattara, kada maigida ya yanke hukunci a kan kayan matarsa, kada kuma a zubar da kayan wasan yaro ba da saninsa ba. Kowa shi zai tace nasa.

Daga nan sai a fara ɗauri, kamar saura mako uku, daga abin da ba a taɓawa kullum: littattafai, kayan sanyi in ba lokacinsu ba ne, kwanukan jere, manyan tukwanen biki. Kwali ɗaya ko biyu kowane dare ya isa. Masu shagon unguwa da 'yan Kasuwar Singa suna da kwalayen taliya da na sabulu, da ɗan kuɗi kaɗan ko ma kyauta za a samu. Ƙa'idar ita ce abu mai nauyi a ƙaramin kwali, marar nauyi a babba. Wanda ya cika ƙaton buhu da littattafai ya haɗa wa ɗan dako ciwon baya, kuma hannun buhun zai tsinke a tsakar gida. Jakar nan mai zanen dara da muke kira Gana-mas-go, wadda ta yi suna tun 1983 lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su bar ƙasar, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka tafi da kayansu a cikinta, tufafi da zannuwan gado ta dace da su, ba tangaran ba. Shi tangaran a naɗe kowane ɗaya da tsohon zane ko jarida, a jera farantai a tsaye ta gefensu maimakon a ɗora wani kan wani, a cusa tawul a duk inda ya rage fili har sai an girgiza kwalin ba a ji motsi ba. A rubuta abin da ke ciki da ɗakin da za shi a gefen kwali, don in an ɗora wani a kai rubutun sama ya ɓace.

Kafinta ya zo ana gobe, ba ranar ba. Notin gado da na sif a zuba kowanne a ledarsa, a manne ta da salatif a jikin katakon da aka ciro su. Kafin a zare wayoyin talabijin, ko na batir da inbata ga masu sola, a ɗauki hoto da waya. Firji a kashe shi tun dare ƙanƙarar ta narke, a ɗauke shi a tsaye, in an sauke a bar shi ya huta awoyi kafin a kunna, don man injinsa ya koma mazauninsa. A juye fetur ɗin janareto. Tukunyar gas a rufe ta, a cire tiyo, a tsayar da ita a buɗaɗɗiyar mota, kada a kwantar da ita a but cikin rana.

Akwai abin da ba ya hawa motar kaya ko da wasa. Gwal ɗin uwargida, kuɗi, takardun makaranta, takardun haihuwa, katin rigakafin yara, katin ɗan ƙasa, takardun fili, da maganin mai hawan jini ko ciwon suga. Waɗannan jaka ɗaya, a hannun mutum ɗaya, ko a kai su gidan iyaye kwana biyu kafin ranar. Ba zargin kowa ake ba. Rana ce da ƙofa take buɗe, hannaye da yawa suna shiga suna fita, kuma in abu ya ɓata zato ne zai faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Sai jaka ta biyu ta daren farko: buta, darduma, Alƙur'ani, tocila, caja, ƙwan fitila, ashana, gidan sauro, sabulu, kayan sawa na kwana biyu, kayan makarantar yara, ƙaramar tukunya da kofuna. Ita ce ƙarshen shiga mota, farkon fita.

Ranar kanta a zaɓe ta da lura. Juma'a hanyoyi na toshewa da rana, Asabar ɗin ƙarshen wata kuma a Kano akwai tsaftar muhalli da safe, ba a zirga-zirga. A yi ciniki da direba da 'yan dako tun kafin a ɗaga tsinke, a fayyace sawu nawa, da hawa bene ko babu. Lungun da mota ba ta shiga a tanadi kurkura. Ƙananan yara su yini gidan kaka, a roƙi 'yar uwa ta aiko da abinci, mutum ɗaya ya tsaya inda ake lodi, ɗaya inda ake saukewa. A ba 'yan dako ruwa mai sanyi da abinci, a biya su kafin su nema.

Saura abin da nake ganin an fi sakaci da shi. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, ana neman ransa, amma sai da ya bar Sayyadina Ali a Makka ya mayar wa mutane ajiyarsu. Mu da muke tashi lami lafiya daga Kurna zuwa Hotoro, ba mu da uzuri. Turmin maƙwabciya da aka aro tun bikin suna, tsanin gidan gaba, bashin mai shago, kuɗin ɗan garuwa, zubin adashin da bai zagayo ba, kuɗin wata na malamin Islamiyya, duk a rubuta su a bi ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ta samu yammaci guda ta shiga gidaje ta yi sallama a yafi juna, maigida ya faɗa wa jama'ar masallaci, yara ma a bar su su yi bankwana da abokansu, don su ma rabuwar tana yi musu ciwo ko ba su iya faɗa ba. A share gidan tas, a toshe ramukan ƙusa, a zagaya da mai gida ɗaki-ɗaki kafin a miƙa makulli a gaban shaida.

A sabuwar unguwa kuma kada a jira a zo gaishe ku. Cikin makon farko maigida ya je wajen mai unguwa da limamin layi ya gabatar da kansa, uwargida ta aika da ɗan abin da ta dafa gidajen dama da hagu. Kwalaye kuwa ba dole a buɗe su duka a dare ɗaya ba. A kafa gado, a tayar da madafi, a gyara banɗaki, a rataya labule. Sauran su bi a hankali, ɗaki ɗaya kowace rana.