Idan Yarinya Ta Faɗi a Aji, Wa Zai Saurare Ta?

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe alli a ƙasar Arewa ya san wannan al'amari. Ana cikin darasi yarinya ta ƙwalla ƙara ta faɗi, kafin a farga wasu biyu ko uku sun bi ta. Daga Geceme har Tibiri da Dogon Dutsi, amsar da aka saba ji ita ce iskoki. Wasu iyaye su kira malamin ruƙiyya, wasu su bi dare zuwa wurin ƴan bori. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen labarin: sau da yawa akan cire yarinyar daga lakwal, a ce aure ne maganinta.

Ban zo in yi gardama da kowa kan aljanu ba. Tambayata ɗaya ce: cikin masu taruwa a kanta, wa ya zauna ya ji abin da ke cin ta? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna neman yadda magana za ta zama magani, kuma akwai abin da mu malamai za mu tsinta a hanyoyinsu.

Ta farko ita ce ta Sigmund Freud na Biyana. A 1895 shi da Josef Breuer suka wallafa bincikensu kan mata masu suma ko shanyewar gaɓa alhali likita bai ga ciwo a jikinsu ba. Suka ce damuwar da aka binne takan fito ta jiki. Ɗalibar da aka yi wa miji ba da sonta ba, ba ta da bakin musu a gida, ina damuwarta za ta bi?

Ta biyu ita ce ta Carl Rogers na Amurka, wanda ya bayyana ta a littafinsa na 1951. Shi a wurinsa mutum kan gano mafitarsa da kansa idan ya sami mai saurarensa da gaske, ba tsawa, ba yanke hukunci. Wannan ta fi mana wuya, domin mun saba nasiha tun yaro bai rufe baki ba.

Ta uku Aaron Beck ne ya shimfiɗa ta a shekarun 1960. Ya lura tunanin da mutum ke maimaita wa kansa shi ke haifar da ƙunci. Na taɓa zama da wata ɗaliba ana gab da jarrabawar BEPC, kullum faɗi take ita ba za ta ci ba, ta zama abin kunya. Muka ɗauko takardunta na shekara muka duba makin ɗaya bayan ɗaya. Lissafi kaɗai ke ja mata baya. Daga nan tsoron ya koma aikin da za a iya yi.

Ta huɗu tana duban mutum cikin danginsa, kuma Afirka na da hannu a cikinta. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, tare da ƴan uwansu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi masu riƙe sirri kuwa ba mu rasa su ba a Arewa.

Sai dai malami ba likita ba ne. Yaron da ke sandarewa, yana cizon harshe ko sakin fitsari, a kai shi asibiti, domin farfaɗiya na da magani. Wanda ya ambaci kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar.

Ƴan uwana malamai, mu ware malama ɗaya a kowace makaranta wadda ƴan mata za su iya samu a keɓe, maganarsu ba ta kai ɗakin malamai ba. Ku kuma iyaye, ku yi addu'arku, amma kafin ku karɓi sadaki ko ku hana ta komawa aji, ku tambaye ta abin da take tsoro, ku yi shiru har ta gama.