Suleja, Garin Da Tulu Ya Yi Suna

In ka baro Kaduna ka nufi kudu, kusa da Dutsen Zuma za ka iske Suleja. A da sunan garin Abuja, kafin a ba sabon babban birni sunan. Mu kan bi ta nan a gurguje, amma garin yana da labarin da ya isa mu tsaya.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya kan tara tuluna masu kyau a gidansa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikin wata Bagwariya, Ladi Kwali, a 1950. Da ya kafa makarantar ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari. Da hannu take ɗora yumɓu bisa yumɓu, sa'an nan ta zana kunama, ƙadangare, kada da kifi a jikin tulu.

A makarantar aka riƙa shafa wa tulunanta magani mai ƙyalli, a gasa da wuta mai tsanani. Sun yi kyau, amma sun yi nauyi, ba su ɗaukuwa zuwa rafi. Sai suka zama abin kallo, har aka nuna su a Landan a 1958.

To, nan aikin mai shirya nuni yake. Baƙon da ya ga tulu bisa teburi bai san ana aza shi a kafaɗa ba, bai san wadda ta gina shi ba, sai an faɗa masa. Shi ya sa a 2022 Dokta Jareh Das ta jera aikin Ladi a Landan kusa da na Magdalene Odundo, 'yar Kenya wadda ta yi koyo a wannan gari a 1974, domin mai kallo ya gane malama da masu bin sawunta.

Ladi ta rasu a 1984, hotonta yana kan naira 20. Amma mata nawa ne a ƙauyukanmu suke gina randa ba wanda ya san sunansu? Roba tana korar tulu daga gidajenmu. In an shirya nuni a makaranta ko taron mata, mu kawo aikinsu, mu rubuta sunan maginiya, da ƙauyenta, da amfanin tukunyar.