Kafin Ku Ɗauki Janareta Zuwa Sansani

Mahaifina mai gyaran janareta ne, kuma a shagonsa nake yin hutu tun ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Duk malamin da ya zo neman shawara kan injin da zai tafi da shi sansanin 'yan sikawut ko yawon buɗe ido da ɗalibai, Baba ba ya fara masa da maganar kuɗi. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, me da me za ku kunna?"

Daga nan sai lissafi, kuma ni ke riƙe biro. Ƙwan fitila na LED yana cin wajen wat 10, cajar waya ma haka, fanka kuwa wajen wat 60. Ƙwai shida, waya goma da fanka biyu sun kama wat 280. Ƙaramin Tiger ɗin nan mai ba da wajen wat 650 ya wadatar, har da ragi. Amma da zarar wani ya jona butar lantarki, wadda ke cin wat 1,500 ko fiye, injin zai shaƙe ya mutu. Firji kuma a lokacin da yake tashi yana jan wuta ninki biyu zuwa uku na abin da yake ci daga baya.

Sai batun mai. Ƙaramin injin yana shan fetur ne da aka gauraya da baƙin mai, shi ya sa hayaƙinsa ke da yawa. Fetur yana da sauƙin samu a hanya, sai dai idan ya yi watanni a tanki yakan lalace ya toshe kafireta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa suka riƙa kawo wa Baba injinansu ya mayar da su na gas ɗin girki. Gas ba ya lalacewa a ajiye, amma ƙarfin injin yakan ɗan ragu, kuma tukunyar tana buƙatar inuwa da tiyo marar yoyo. Na dizal kuwa ya yi nauyi ga mai tafiya.

Gargaɗin da Baba ya fi nanatawa shi ne wurin ajiye injin. Ko wane mai yake sha, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Mai barci ba ya jin shigarta, kuma ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya. A sansani, tsoron ɓarawo ko ruwan sama ne ke sa a jawo injin bakin tanti. A ajiye shi a fili, aƙalla mita shida daga inda ake kwana, salansa na kallon nesa, a ɗaure shi da sarƙa. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a fitar da shi iska, a kashe injin, a kai shi asibiti. Kada a zuba mai sai injin ya huce.

'Yan uwana ɗalibai, idan ana shirin tafiya, ku rubuta kayan da za a kunna, ku tara wat ɗinsu, ku kai wa malami. Idan kun ga an matso da injin kusa da masu barci, ku yi magana cikin ladabi, ko da babba ne ya matso da shi.