Fijon Baba

A Amurka akan farfaɗo da tsohuwar Ford Mustang ta 1967 a sayar da tsada. Mu tamu Fijo 504 ce, haɗin Kaduna, wadda Baba ya rasu ya bari a ƙofar gida har kaji suka mai da ita akurki.

Mu uku muka haɗa kuɗi. Wata takwas muna zaryar Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, bakanike ya yi wa injin garambawul.

Ranar da ta tashi, Umma ta ajiye muciya ta fito soro, ta ce shekara shida rabonta da jin wannan ƙara.

Dillali ya taya, muka sallama, don kuɗin makarantar autarmu ba ya jira. Safayar makullin dai tana hannun Umma.